Gaiwar da Uwar Mijina Ta Ƙone

Sunanta Tala. Allah ya yafe mini, shekara ashirin da ɗaya muna cin tukunya ɗaya da ita ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, Inna nake ce mata kamar yadda ɗanta ke cewa. Yau ma don ƙasa ta rufe idonta ne, kuma don na gaji da jin yaran yanzu suna cewa "tsohuwar nan da ta ƙone kifi ana tsakiyar yunwa," sai ka ce wata mahaukaciya. Ta ƙone, ban musa ba. Ni ce babbar shaida, tunda kifin nawa ne. Amma wanda bai san mafarin magana ba ya kama bakinsa.

Inna ƴar wajen Tibiri ce, daga tsofaffin gidajen manoman can. Aure ya kawo ta ƙauyenmu na ƙasar Gidan Sori, a bakin wani ruwa da muke ce ma Baƙin Tabki. Gulbi ke cika shi da damina, kuma tsofaffi sun ce tun kakanninsu bai taɓa ƙafewa da rani ba. Mijinta noma yake da damina, ya yi su, wato kamun kifi, da rani. Ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, wanda ake ce ma Dogo, shi ne maigidana. Ba ta sake aure ba. Ta riƙe kanta da sana'a biyu, matsar man gyaɗa da tuyar kifi, tana da wani kaskon ƙarfe mai faɗi da ta gada wurin uwarta, wanda ko aro ba ta bayarwa. Gajeruwa ce, dariyarta tsada gare ta. Abin da Allah ya ba ta fiye da kowa shi ne hanci. Takan wuce ƙofar gida ta ce daddawar miyarsu ta bara ce, a bincika a tarar haka ne.

Ni Hadiza, daga wajen Cadawa aka ɗauko ni. Kakanninmu masu dabbobi ne da suka gangaro daga arewa suka zauna suka kama noma, nono muka sani, kifi sai labari. Ranar da na fara ganin gaiwa a cikin ƙwarya na watsar da tulu na ruga, na ɗauka maciji ne. Matan gari suka yi wata guda suna yi mini dariya. Inna ba ta yi dariya ba, cewa kawai ta yi, "Amarya, wanga macijin shi za ki ci ranar da kika haihu." Amarya take ce mini har ta koma ga Allah, ina da furfura.

Gaskiya ta faɗa, don al'adar garin ke nan. A wasu wurare in mace ta haihu farfesun ƙafar sa ake yi mata. Mu a bakin tabki gaiwa ce. Mijin mai jego zai nemo mafi girma da zai iya samu, uwar miji ta dafa, kitsen wutsiya da hanta duk na mai jego ne ita kaɗai, don ruwan nono ya kawo. Macen da ba a yi mata gaiwar jego ba, har ta tsufa ana yi mata gori.

To ga inda ɓarna ta faro, tun kafin a kawo ni. Bayan farin farko, na saba'in da uku, ruwa ya dawo amma ya dawo da fara. Malamin gona ya kawo wata hoda a buhuna, a zuba a jakar ƙyalle a bi gero da sassafe ana kakkaɓawa. Mutumin ya fita haƙƙinsu, ya ce farar da hoda ta kashe kada kowa ya ci. Fara ta mutu ta cika kunyoyi. Kaji da zabi suka bi suka tsattsaga, suka fara mutuwa su ma, ga yara da suka saba soya fara ba sa jin hani. Mata suka rasa ta yi. Inna ce ta kawo shawara, da zuciya ɗaya: a share matattun a ƙwarya a juye a tabki, inda ba kaza ba yaro, ruwa ya ci abinsa. Kowa ya ce kai, Tala akwai kai. Aka mayar da shi aikin kowace damina, a juye fara, a wanke jakunkunan hoda a nan bakin ruwa a shanya. Kifi kuwa ya yi ƙiba irin wadda ba a taɓa gani ba, aka ƙara sa mata albarka. Shekara goma ana haka, ni ma da na zo na ɗauki ƙwaryata na bi sahu.

Ita ce kuma ta fara shan jinin jikinta, amma ba ta gaya ma kowa ba sai daga baya. Tana da wata mussa, wato kyanwa, da ke zaune gindin murhu, duk kayan cikin manyan kifi nata ne. Mussar ta fara rawar jiki, ta riƙa faɗuwa tana shure-shure kamar mai farfaɗiya, ta mutu. Ta samo wata, ita ma shekara biyu ta bi ƴar'uwarta. Mussar maƙwabciyarmu Habi kuwa, da ba ta samun komai sai ƙananan kifin da yara ke watsarwa, tana nan garau tana satar mana nama. Sannan akwai tsohuwar tsamiya a bakin tabki inda zalɓe ke sheƙa kowace damina. Da can kukan ƴaƴansu har hana mutum hira yake. Sai tsamiya ta yi shiru. Iyayen na zuwa, suna kwanci, amma a ƙasa sai fasassun ƙwai, ɓawonsu laushi kamar na albasa. Mu muna taka su mu wuce. Inna takan duƙa ta ɗauka ta murza a yatsa.

A cikin shekarun nan na haihu sau biyu. Duka biyun an yi mini gaiwar jego, na ci na lashe hannu. Duka biyun maza ne, kuma ba su zauna ba, ɗaya wata biyu, ɗaya wata biyar. Ban ce kifi ne ba, har yau ba zan ce ba. Yara na tafiya da zazzaɓi, da ƙyanda, da abin da ba a san sunansa ba. Na dai binne biyu, kuma mace in ta binne biyu, ciki na uku ba murna take yi ba, tsoro take ji.

Cikin na uku ya zo daidai da farin tamanin da huɗu. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, har su ma suka yi ƙaura. Muka koma cin anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana uku ana zubar da ruwa, da ƴar jar dawar taimako in motar kamyo ta tuna da mu. Rabin mazan gari suka tsallaka Jibiya da Katsina neman abin kai wa baka. Baƙin Tabki da aka ce ba ya ƙafewa ya ja baya, ya ja baya, kifi ya taru a ɗan ruwan da ya saura aka kwashe, daga nan ya zama laka, lakar ta tsattsage.

Da bazara na haifi ɗiya mace, Lauratu. Ƴar mitsitsiya, kamar ka sa a aljihu. Nonona kuwa sai a hankali, ta kama ta tsotsa ta saki ta yi kukan da ba shi da ƙarfi. Ni na san irin kukan nan, na ji shi sau biyu. Ba abin da nake so a duniya a lokacin sai ruwan nono, ko da me za a same shi.

Dogo bai tafi cin rani ba saboda ni. Ya ɗauki dagi ya shiga busasshen tabki. Gaiwa dai ba ta mutuwa don ruwa ya ƙafe, nutsewa take cikin laka ta naɗe kanta kamar a jaka, ta bar ƴar kafar shan iska, ta kwanta jiran damina. Shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Kwana uku yana bin tsagar ƙasa cikin rana yana neman kafar, tafin hannunsa duk ya ɗaye. Ran na huɗu da hantsi ya shigo da ita a kafaɗa, laka har gira, yana dariya. Ta fi tsawon hannuna. Tsofaffi suka ce irin wannan ta ga damina ashirin. Na dube ta yawuna ya tsinke, na ce a raina ɗiyata ta rayu.

Inna ta karɓa, ta fasa jakar lakar, ta wanke, ta yanka. Ta hura wuta ta ɗora kaskonta. Maimakon ta zuba nama, sai ta yanko kitse kamar kan yatsa ta jefa a kasko. Ya narke. Ta duƙa ta shaƙa, ta ɗago, ta sake duƙawa. Ina zaune bakin ƙofa da jaririya ina kallonta. Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jakar hoda, ta shinshina jakar, ta shinshina kaskon. Sai ta sauke kasko daga wuta.

"Amarya, ba za ki ci wanga kifi ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Dogo ya ce, "Inna, me ya faru? Ruɓewa ta yi?"

"Ba ta ruɓe ba. Hodar fara ce a cikin kitsenta."

"Inna, bara ko fara ba a yi ba, balle hoda. Kifin nan kuma da ransa na haƙo shi. In da guba a jikinsa ai da shi ya fara mutuwa."

Ba ta kula shi ba, ni ta duba. "Amarya, kin sha taya ni matsar mai. Gyaɗa ɗaya in kika murje ta, man cikinta ko yatsa ba ya jiƙawa. Tara tiya biyar ki matsa, kwalba za ki nema. Haka hodar nan take. Fara ɗaya ɗan kaɗan ta ɗauka. Kwaɗo ya ci fara ɗari, ƙaramin kifi ya ci tasa, kowa ya riƙe abin da ya ci bai kashe shi ba. Ita wannan ta zauna ƙasan ruwa shekara da shekaru tana haɗiye kwaɗi da ƙananan kifi, na kowa ya taru a cikinta. Ga shi ta yi watanni tana cin jikinta, nama ya ragu, abin bai ragu ba."

Na ce, da muryar da ban taɓa yi mata magana da ita ba, "A wanke mana. A dafa a zubar da ruwan fari kamar anza."

"Ba ya bin ruwa. In na taɓa hodar nan, in wanke hannu sau goma warin na nan, sai na shafa mai yake fita. Mai yake bi. Ke ɗiyar masu shanu ce, kin fi ni sanin abin da ke tasowa bisa nono."

Na gane abin da take nufi sarai, amma yunwa ba ta da kunne. Na ce mata ɗiyata mutuwa za ta yi a hannuna don wani wari da ita kaɗai ke ji. Na ce dama can ba ta ƙaunata, bare ce ni. Na faɗi abin da ya fi haka, wanda ba zan maimaita ba. Ta bari na gama tas.

"Sau biyu na dafa miki da hannuna," in ji ta. "Ban sani ba ko shi ne, ban sani ba ko ba shi ba ne. Na uku ba zan gwada ba."

Dogo ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Shi ba mai ja da uwarsa ba ne, ni kuwa a ranar har haushin hakan na ji.

Ta san in ta binne za a tone, in ta jefar kare zai ci, in ta mayar tabki damina za ta mayar da shi cikin ruwa. Sai ta naɗe kifin a tabarmar kaba ta ɗauka a ka ta haura bayan tudu, ta tara kara da busasshen kaba ta cinna wuta. Jama'a, ƙamshin gasasshen kifi a garin da aka yi wata biyar ba a ga maiƙo ba. Iska ta kawo shi har ɗakina. Mutane suka fito suka tsaya daga nesa suna kallo, ita kuma tana tsaye da sanda tana tura wuta har ya zama toka, ta zuba tokar a ramin tsohon suri ta toshe. Habi ta shigo wurina tana tafa hannu, ta ce ta ga mugayen uwayen miji amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka har idona ya kumbura, kuma na ƙudura in ɗiyar nan ta mutu, ko gaisuwa ba za ta sake haɗa ni da tsohuwar ba.

Washegari ranar kasuwar Gidan Sori ce. Da asuba na ji fitarta. La'asar sakaliya sai ga ta tana jan wata akuya, ƙashi da fata, da ɗan ƙaramin hantsa. A lokacin makiyaya na gangarowa daga arewa da ragowar dabbobinsu, suna rabuwa da su a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan akuyar ya mutu a hanya amma nononta bai ƙafe ba. Na duba kan Inna, gammo ne kawai. Kaskon uwarta ta bayar aka ba ta akuyar.

Ta miƙo mini igiya. "Ni kifi na sani. Wannan aikin gidanku ne, ki nuna mini."

Fushi nake. Amma hannuna ya riga bakina, na taɓa hantsar, na buɗe bakin akuyar na duba haƙori. Na ce a nemo ƴaƴan gawo, a daka da ɗan kanwa, a ba ta kaɗan kaɗan, kada a cika ta da ruwa lokaci ɗaya. Tsohuwar nan da ko tatsa ba ta iya ba, ita ce kullum da safe a gindin gawo da ƙwarya tana rige-rigen tsintar ƴaƴa da matan gari. Sati ɗaya akuya ta fara ba da rabin ludayi, sannan ludayi, sannan ƙaramar ƙwarya. Inna ta dama mini kunun jar dawa da shi safe da yamma, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ba na ce mata sannu, ba ta nema. Wajen kwana goma sha biyu ina zaune na ji gaban rigata ya jiƙe. Lauratu ta kama, na ji tana haɗiya, haɗiya ta gaske mai ƙara. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta tsaya da rariya a hannu tana saurare, sannan ta ci gaba da aikinta.

Da ta ga mun tsallake, sai ta tafi ƙofar maigari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mace ɗaya a gaban maza. An ce ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ita ta ce a zuba fara a tabki, ita ta ɓata ruwan, kowa ya shaida. Ta faɗi zancen mussa, da ƙwan zalɓe, da warin kitse. Ta roƙi abu uku: kada a sake kai fara ko jakar hoda bakin ruwa, a yi musu rami bayan tudu, kada a ba mai jego da yara babban kifi, kuma tunda tabki a bushe yake, a kwashe baƙar lakar sama a fitar. Wasu suka yi dariya, don maza sun ci gaiwar da suka haƙo, ba wanda ya faɗi ya mutu, in ban da ciwon kai da jiri da aka ɗora wa yunwa. Abin da ba ya kashewa nan take wuyar yarda gare shi. Amma maigari ya ce mutum ba ya zuwa gaban jama'a ya tona kansa a banza. Dama ana maganar yashe tabki don ya ƙara riƙe ruwa, sai aka haɗa biyun. Aka yi gayya, maza na haƙa mata na ɗauka, aka kai lakar inda ruwa ba ya gangarowa da ita. Da jaririya a bayana na ɗauki tawa ƙwaryar.

Damina ta zo, gulbi ya kawo, tabki ya cika. Kifi ya dawo. Inna ta koma tuya da wani kaskon ƙasa da ba ya jin wuta, ƙananan karfasa kawai take soyawa, ƴan shekara ɗaya. Masu saye na tsokanarta wai ta koma sayar da ƙaya. Aka tambaye ta sai yaushe za a koma gaiwar jego. Ta ce ba ita za a tambaya ba, a tambayi tsamiya. Ranar da zalɓe ya ƙyanƙyashe ya tashi ƴaƴansa, a zo a yi magana.

Shekara ta bi shekara. Na sake haihuwa biyu, duk ba gaiwa, duk suna nan da ransu. Habi, wadda ta fi kowa zaginta, da ɗiyarta ta haihu akuya ta nema. Wani sabon malamin gona mai suna Maharazu ya zo garin, ya ji labari ya nemi Inna. Ya ce irin waccan hodar an daina kawo ta, don masana sun gano tana daɗewa a laka, tana taruwa a kitsen dabba daga ƙarami zuwa babba, har cikin nonon uwa. Ya tambaye ta a wace lakol, wato makarantar boko, ta koya. Ta ce a gindin murhu. Da ya tafi ta ce mini yaron yana da ladabi, amma man da ya shafa a kai ya daɗe.

Kowace damina sai ta je gindin tsamiya ta tsinci ɓawo ta murza. A shekara ta biyar ta ce ya fara tauri. A ta shida aka ji ƴan tsiraru. A ta bakwai kuwa tsamiya ta koma gidan biki, kuka da kashi har ba a iya zama a inuwarta, masu wanki na tsinuwa. Inna ta dawo gida da kashin tsuntsu a mayafi, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. Ina da tsohon ciki a lokacin.

Na haihu da kaka. Kwana uku da haihuwa Dogo ya shigo da gaiwa, ba ta kai waccan ba, tashin bayan fari ce, amma ta isa a nuna. Inna ta tsufa a lokacin. Ta yanka da kanta, ta ɗora tsingaro a kan garwashi, ta jefa ɗan kitse. Ya narke. Ta duƙa ta shaƙa, ta daɗe a duƙe. Na ce a raina shi ke nan, yau ma bayan tudu za a nufa.

Sai ta ɗauko tsingaron da tsumma ta kawo mini har bakin gado.

"Amarya, hancina ya mutu tun bara, ban gaya ma kowa ba. Ko ƙarnin ba na ji. Ke kin san warin, kin ɗauki jakar hodar nan da hannunki. Shaƙa ki gaya mini. In kin ce a ƙone, a ƙone."

Na karɓa. Shekara bakwai ina jiran kifin nan, ga shi an ce ni zan yanke masa hukunci, ga jariri a cinyata. A lokacin na san abin da ta ji ranar da ta sauke kasko, kuma na ji kunyar duk abin da na faɗa mata. Na rufe ido na shaƙa. Na nemi warin nan mai kama maƙoshi, irin na buhun da ya sha danshi. Na sake shaƙa, na nema da gaske, don na san in yana nan da bakina zan ce a kai bayan tudu. Ƙarnin kifi ne kawai da hayaƙin gawayi.

Na ce, "Inna, kifi ne."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta gyaɗa kai ta koma murhu. Da ya dahu ta kawo mini a akushi, kitsen wutsiya da hanta a sama. Lauratu, ƴar shekara bakwai, da ƙafafu kamar tabarya, ta zo ta tsuguna a gabana tana leƙen akushi tana haɗiyar yawu. Inna ta ɗaga mata muciya ta ce wannan na uwarta ne, an daɗe da yi mata alkawari. Ina ci hawaye na zuba cikin romo. Na ce, "Inna, ki yafe mini maganganun da na gaya miki shekarar fari."

Ta ce, "Ci kafin ya huce. Mai jego ba ta magana da abinci a baki."

Ta ƙara shekara tara a duniya. Har yau a garinmu ba a dafa gaiwar jego sai an jefa ɗan kitse a tsingaro an shaƙa, yaran yanzu sun ɗauka tun kaka da kakanni haka ake yi. Ni ake kira. Da Lauratu ta yi haihuwar fari, ni na shaƙa mata tata, sau biyu, sannan na ce a ɗora tukunya.